Kwalabe Arba'in na Merv Zilm

A ƙauyen Lindenthal, cikin kwarin Barossa, kowane gida akwai wanda ya san giyar inabi, amma mutum ɗaya ne yake faɗar haka da bakinsa, shi ne Merv Zilm. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a kan babur, gona-gona, kuma lokacin matsar inabi ba ƙofar da zai tsaya ba a miƙo masa ɗan kofi ba. Mutane tausayin ƙurar da ya kwaso suke yi, shi kuwa ya ɗauka ra'ayinsa ake nema. Da ya yi ritaya wasiƙu suka ƙare, ya rage daga shi sai hancin shinshinar giya. Hancin kuwa an ba shi, dogo, jajir, kuma in zai yi magana sai ya shafa shi tukuna.

"Wannan hancin," yakan ce, "da a birni aka haife shi, da yanzu jirgi yake hawa ana kai shi ƙasashe."

Matarsa Glenys takan ce, "Ranar da madara ta lalace a firji, kwana uku kana zubawa a shayi, ina ya tafi?"

"Madara ba fannina ba ce."

A shekarar da cocin ƙauyen ya cika shekara ɗari da hamsin, aka shirya liyafar godiyar girbi wadda ba a taɓa yin irinta ba. Mutum ɗari da ashirin, gasassun raguna, 'yan busa, har da babban fasto daga Adelaide. Tsoho Herbert Noack, wanda ya saba zaɓar giyar liyafa tun Merv yana saurayi, ya zame a bayan gida ya karya ƙugu, yana asibiti. Aka zauna taron kwamiti, Fasto Semmler ya tambaya wa zai karɓi aikin. Kafin ya rufe baki Merv ya miƙe.

"Ai ba sai an wahala ba, Fasto."

Goggo Hulda Graetz, mai shekara tamanin da huɗu, shugabar matan kicin, wadda kakanta ne ya dasa inabin da ke bayan cocin, ta dube shi ta saman tabarau.

"Merv, aikin ba wuya. Ka je gona ɗaya, ka ce a ba ka jar giyar shiraz mai kyau, ka ɗauko, ka ajiye. Shi ke nan."

"Goggo, da haka ne ai da jaki ma sai a aika."

"Da muna da shi, da na aika."

Aka yi dariya, Merv ma ya yi, don bai ɗauka da shi ake ba. Ya yi wa kwamiti alkawarin shiraz mai jiki, mai nauyi, wadda in mutum ya kurɓa zai ji ta zauna a bakinsa ta miƙe ƙafa. Fasto ya duba ko wani zai ɗaga hannu. Kowa yana cikin aikin girbi, ba mai lokaci. Aka bar wa Merv.

Ranar Asabar ya sa hular fita, ya sa Glenys ta ja a-kori-kurarsu, suka shiga gonaki. A gona ta farko matar gidan ta zubo masa daga ganga. Giya ce ja har ta yi baƙi, in ka ɗaga kofin ba ka ganin yatsanka ta ciki. Merv ya juya kofin, ya tsoma hanci har gira, ya lumshe ido.

"Masoro. Kanumfari. Da ɗan hayaƙi can ƙasa. Ba laifi, amma kafaɗarta ƙarama ce."

"Kafaɗa?" in ji matar.

"Ba kowa zai gane ba."

Ta tura masa bokitin da masu ɗanɗano suke tofarwa. Merv ya ture shi da ƙafa, ya ce wanda bai san darajar abu ba shi ke tofar da shi. Ya shanye, ya nemi ta gangar kusa, ya shanye ita ma.

A gona ta biyu ya ce giyar tana da kafaɗa amma ba ta da ƙirji. A gona ta uku ya ce tana da ƙirji amma ba ta da tarbiyya, kuma wannan bayanin karen gidan ya yi wa, don mai gonar ya gaji ya koma kan tarakta. Glenys ta kamo hannunsa ta kai shi mota.

"Duk ukun suna da kyau, Merv. Zaɓi ɗaya mu tafi gida."

"Zaɓi ɗaya aikin Herbert ne. Ni haɗa su zan yi. Kafaɗar wannan, ƙirjin waccan. Za a sha abin da ba a taɓa sha ba a kwarin nan."

"Wannan kam na yarda."

Suka koma gida da jarkoki uku, shi kuma yana waƙar coci da hula a kan fuska.

Washegari ya wanke babban durom na roba a rumfar kwanon da ke bayan gida, ya juye jarkokin ciki, ya dama da muciyar da Glenys ke dama miyar tumatir. Ya ɗanɗana. Giyar ba ta da aibu, don giya uku masu kyau ba sa taruwa su zama mummuna. Amma Merv bai ji aikin hannunsa a ciki ba, kuma hakan ya dame shi. Ya ce tana ɗaure harshe, tana bukatar ɗan zaƙi da zai cika mata jiki.

Ta kan shinge yana jin maƙwabcinsa Kev Mattner yana matse inabinsa na ƙarshe, wanda ya bari ya nuna har ya fara yanƙwanewa. Merv ya ɗauki bokiti biyu ya tsallaka.

"Ɗan cika mini waɗannan, maƙwabci."

Kev mutum ne mai ƙiba, ba ya son doguwar magana. Ya cika masa, sannan ya tambaya, "Glenys za ta yi kayan zaƙi da shi ne?"

"Cikin giyar coci zan zuba."

Kev ya kashe injin matsar. "Merv, ruwan nan da ransa. Bai tsimu ba. In ka kulle shi a kwalba zai ci gaba da aiki, kuma zai nemi hanyar fita."

"Kev, kai inabi kake nomawa. Ni giya nake ji."

"To ka ji wannan ma. Kada ka zuba."

"Na gode da ruwan."

Ya zuba, ya dama, ya ɗanɗana. Yanzu kam ta yi kauri, ta yi zaƙi, tana manne wa leɓe. Merv ya tsaya shi kaɗai a rumfar yana girgiza kai don mamakin kansa. Ya ɗura kwalabe arba'in, ya buga musu toshiya da guduma, ya manna wa kowace takarda mai hotonsa yana shinshinar kofi. Glenys ta ce a kai su ɗakin ƙasa mai sanyi. Ya ce sanyi yana sa jar giya ta yi rowa, ta ɓoye ƙamshinta. Ya jera su a rumfar kwano, a makon da zafi ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Kwana shida bayan haka suna shan shayi a baranda suka ji wani abu ya yi ƙara a bayan gida, tau.

"Mene ne wancan?" in ji Glenys.

"Bindigar korar tsuntsaye ce a gonar wani."

Goggo Hulda tana wucewa da sandarta, za ta kai wa Glenys zannuwan tebur na liyafa a goge, farare tas, waɗanda matan coci suka yi wa ado da allura tun zamanin iyayensu. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"An gama girbi, Merv. Tsuntsun me ake kora?"

"Wani ne ya manta bai kashe ba."

Tau, aka sake. Wannan karon kwanon rumfar ya amsa.

"Kuma ya manta da ita a rumfarka," in ji Goggo, ta miƙa zannuwan ta wuce.

Merv ya lallaɓa rumfar. Toshiya biyu sun fita, bango ya yi ja, wuri yana warin tsami-tsami. Ya tsaya yana nazari, ya gano laifin: toshiyoyin ne ba su da ƙwari, kayan zamani. Giya mai ƙarfi tana son ɗauri mai ƙarfi. Ya cike kwalabe biyun da ragowar durom, ya kwaso wayar shinge da filaya, ya ɗaure kan kowace kwalba tamau, ninki biyu. Ƙarar ta daina. Da cin abincin rana ya gaya wa Glenys cewa ƙwararre ba ya tsoron matsala, yana maganinta ne. Glenys ta ƙara masa dankali.

Ranar Lahadin liyafa ya loda kwalaben a bayan a-kori-kura. Glenys ta ce su bi kwalta. Merv ya ce akwai yanke wanda masu raba wasiƙa kaɗai suka sani. Yanken ya bi ta busasshen rafi da gargada mai tsawon mil biyu, kwalabe suna ta rawa suna kaɗa juna a baya, haƙoran Glenys ma haka. Da suka isa duk inuwa an kama, ya ajiye motar a tsakiyar rana, suka shiga sujada. Babban fasto daga Adelaide, dattijo mai furfura da farar riga har ƙasa, ya yi wa'azi a kan tarihin cocin, bai tsallake ko shekara ɗaya ba.

Da aka fito kwalaben sun yi ɗumi kamar burodi. Merv ya rarraba su a tebur goma na zauren coci, huɗu-huɗu, a kan fararen zannuwan Goggo Hulda. Ya zaɓi namiji ɗaya a kowane tebur, ya ba shi filaya.

"Kada kowa ya taɓa waya sai na ɗaga hannu. In na ɗaga, ku yanke gaba ɗaya. Ina son ƙamshin ya tashi lokaci guda."

Kev ya karɓi tasa filayar, ya ɗaga kwalba ya duba ta a haske, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai, ya ja kujerarsa baya. Ya raɗa wa matarsa wani abu, ita ma ta ja tata.

Aka kawo naman rago, aka yi addu'a, Fasto Semmler ya ce Merv yana da 'yar magana. Merv ya tsaya a babban tebur, tsakanin babban baƙo da Goggo Hulda, ya shafa hanci.

"'Yan'uwa, kakanninmu sun zo kwarin nan da saiwar inabi a aljihu. Shekara ɗari da hamsin ana nomawa, ana matsewa, ana ƙoƙari. Ban raina ƙoƙarin kowa ba. Amma yau za ku ji inda aka dosa tun farko."

"Naman yana hucewa," in ji Goggo.

"Shiraz mai jiki, Goggo, ba a yi mata gaggawa. Za ku ga yadda take fitowa a natse, a hankali, kamar babbar mace za ta shiga taro. Bari in fara buɗe wa babban baƙonmu."

Ya sa filaya ya yanke wayar.

Toshiyar ba ta jira mabuɗi ba. Ta tashi ta fasa ƙwan fitilar da ke sama, giyar ta bi bayanta, ja, mai kumfa, miƙe sak har silin, ta baje ta dawo kamar ruwan sama. Merv ya saki kwalbar, ya ɗaga hannuwa biyu ya kare kansa.

Maza tara suka ga hannu a sama, suka yanke.

Abin da ya biyo baya har yau kowa da yadda yake ba da shi. Wasu sun ce kamar ranar buɗe farautar agwagi. Toshiya ɗaya ta faɗa cikin bakin babban ƙahon 'yan busa, wata ta ɗauke hular matar ma'ajin coci ta kai ta kan kek. Mutane suka ruga ƙarƙashin tebur, teburan suka girgiza, kwalaben da ba a yanke ba suka faɗi suna birgima, wasu suka tsinke wayarsu da kansu suna feshi suna juyawa a ƙasa. Kev kaɗai bai yanke ba. Ya rungumi kwalabensa huɗu ya fita da su da sanɗa, ya kwantar da su a bayan makabartar coci, ya dawo.

Da abin ya lafa, ba ka jin komai sai ɗigar giya daga silin, ɗis, ɗis, a kan farantai. Zannuwan tebur sun koma launin zoɓo. Babban fasto yana zaune inda yake, bai motsa ba, furfurarsa ta zama shunayya, farar rigarsa kuwa sai dai a tuna da ita.

Merv ya sauke hannu. Ya gyara murya.

"Haka aka tsara. Ai akwai shiraz mai kumfa, kowa ya sani."

"Akwai," in ji Goggo Hulda, tana matse gefen mayafinta. "Amma ita a kofi ake zuba ta, ba a silin ba."

Babban fasto ya cire tabarau, ya nemi busasshen wuri a jikinsa da zai goge, bai samu ba. Ya lashi leɓe.

"Malam Zilm, ka ce tana da jiki. Na shaida. Na ji shi a ƙeyata."

Daga can baya wani ya fara dariya, ta kama tebur-tebur, har masu fitowa daga ƙarƙashi da rarrafe. Matar ma'aji tana dariya tana cire kek daga hularta. Merv ya tsaya da filaya a hannu. Ya dubi zannuwan, ya dubi hannun Goggo a kansu, kunnuwansa suka yi zafi.

"Goggo, zannuwan..."

"Gishiri da ruwan sanyi. Kai za ka wanke, ni zan zauna in kalla."

Fasto Semmler ya miƙe yana ɗiga, ya ce naman dai yawancinsa ya tsira, sai dai a yi haƙuri a ci da ruwa. Kev ya tashi, ya fita, ya dawo da kwalin giya a kafaɗa. Sai mai gona ta farko ita ma ta tashi. Sai na biyu, sai na uku. Kafin a jima rabin zauren yana waje, but ɗin motoci a buɗe, kowa yana ciro kwalaben da ya ɓoye a ƙarƙashin bargo tun safe. Ba wanda ya shawarci wani. Kowa shi kaɗai ya yi tunaninsa a gida.

Merv yana kallo ta taga, sai ya hangi Glenys ta ɗage kujerar a-kori-kurarsu, ta ciro kwalabe biyu naɗe da tawul. Ta shigo ta ajiye su a gabansa.

"Har ke?"

"Shekara arba'in da biyu nake aurenka, Merv. Zauna."

Ya zauna. Ta buɗe ɗaya, ta zuba masa rabin kofi, ta tura masa farantin nama. Bai juya kofin ba, bai tsoma hanci ba. Ya yanki ƙeƙasasshen gefen naman mai kitse, ya tauna, ya kurɓa. Giyar ta shiga a hankali, mai nauyi, mai laushi, ta wanke maiƙon ta bar ɗan yaji a bayan harshe, ɗuminta ya gangara har ƙirji ya daɗe bai tafi ba. Ya sake yanka, ya sake kurɓa. 'Yan busa suka zazzage ƙahonsu suka fara, aka ci aka sha a kan jiƙaƙƙun zannuwa, babban fasto ya yi zamansa cikin rigar aro ta wasan ƙwallo, ya ce bai taɓa zuwa liyafar da zai daɗe yana tunawa kamar wannan ba. Har aka tashi Merv bai yi wa kowa bayanin komai ba. Mutane suka riƙa leƙo shi ko lafiya.

Zannuwa sun ci masa kwana uku, Goggo tana kan kujera a inuwa tana nuna masa inda ya tsallake. Ranar Alhamis aka koma kan silin. Merv yana saman tsani da bokitin farin fenti, Glenys tana riƙe da ƙafar tsanin, jan tabon kuma duk shafar da aka yi masa sai ya sake leƙowa. A ƙasa Fasto Semmler yana gaya wa Kev cewa ƙararrawar coci ta fara wani irin amo, kamar ta tsage, ga alama sai an kira masani daga Adelaide.

Burushin Merv ya tsaya.

"Fasto, kada ku ɓata lokacin mutumin birni. Ni tun ina yaro aka san ni da kunne. A ba ni guduma da rabin yini kawai."

Fasto ya dubi Kev. Kev ya dubi ƙasa. Glenys ta ɗan girgiza tsanin, kaɗan, daidai yadda zai ji a gwiwarsa.

"Ka bar wuri a hagunka," ta ce.

Merv ya riƙe tsanin da kyau, ya duba hagunsa, ya tsoma burushi.